Rautar da Na Rataye a Soron Liman

Ku da kuke zaune a bencin shagona kuna shan sabis ɗina kyauta, kada ku zaci ba na jin abin da kuke faɗa. Wai aikin Baba Isyaku ba aiki ba ne: ɗan akwati ne, a jona shi da wuta, fitila ta yi kore, a miƙa hannu. Wani a cikinku har cewa ya yi a waya ya koye shi tas kafin shayinsa ya huce. To madalla. Ni shekara talatin da ɗoriya ina hawa rufin mutane, amma har gobe akwai ƙauyen da in hanya ta bi da ni ta cikinsa ba na tsayawa ko ruwa in sha. Ku kife wayoyin nan in gaya muku dalili.

Aikin da na fara yi da hannuna eriyar talabijin ce, a nan Ungogo, lokacin da duk inda kuke ganin bulo ɗin nan gonakin dawa ne. Maigidana Malam Nuhu mai eriya, Allah ya jiƙansa, sai da na shekara ina ɗaukar masa tsani kafin ya bar ni na taɓa filaya. Ranar da ya yarda na hau, gora ce doguwa muka ɗaure a jikin azara. Shi yana ɗaki gaban talabijin, ni ina sama, kwano ya ɗau rana yana cin tafin ƙafata, yana ƙwala min kira: "Juya. Dawo. Ka wuce. Kai, wa ya aike ka can?" Da hoto ya fito sai ya ce in tsaya haka kada in motsa, kamar ni za a bari a saman in riƙe gorar har tashin duniya.

Amma abin da ya fi tsananta min a kai ba juya eriya ba ne, sallama ce. Kafin ka taka tsani sai ka aika an gaya wa gidan da za ka hau, da gidan dama, da na hagu, da na baya, ka jira a ce an kimtsa, domin daga kan rufi tsakar gida huɗu kake gani. Yakan ce mai eriya idonsa a kan ƙarfe yake, ba a ƙasa ba. Yakan ce in da hanyar da za ka gama aiki ba ka shiga cikin gidan mutum ba, to bi ta. Na riƙe maganar nan da hannu biyu, har na riƙe ta fiye da yadda ya ba ni.

Daga eriya muka koma dish. Malam Nuhu bai ga zuwan intanet na gida ba, ni na tsallako ni kaɗai da furfurata, ina koyo a hannun waɗanda na haifa. Jakata ba ta sauya sosai ba: filaya, sukundireba, salatif, guduma, naɗin waya, injin huda bango, sai wata tsohuwar wayar hannu mai fasasshen gilashi da nake auna ƙarfin sabis da ita. A birni ne ake ajiye rauta, wato ɗan akwatin nan mai raba sabis, kan tebur a tafi. A ƙauye ƙarfen sabis yana can nesa, sai ka kafa doguwar sanda, ka ɗora eriya ta fuskance shi daidai, ka haɗa sola da batir tun da wutar lantarki baƙuwa ce. Katangar ƙasa kuwa shanye sabis take yi, wanda ya shiga ɗakin da kakan mutum ya gina ba ya fitowa da rai. Aikin da ka yi da rani, fili tas kana hango gari, da damina ta sauka itatuwa suka yi ganye sai a kira ka a ce ka ci amana.

Duk wannan mai sauƙi ne. Abin da ya fi wahala a sana'ar nan shi ne yi wa mutum bayanin abin da ya saya. Kamfani ya buga takarda mai sheƙi, ya rubuta "ba iyaka" da manyan baƙaƙe. Can ƙasa, da rubutun da sai ka ari tabarau, an ce in ka sha giga kaza a wata za a rage maka gudu har watan ya ƙare. Ba yanke ka suke yi ba, Allah ya kiyaye, su mutanen kirki ne. Shaƙe ka kawai suke yi. Saƙon rubutu zai tafi, hoto ya yi ta juyi, bidiyo kuwa sai dai ka ga mutum ya daskare baki buɗe. Ni nakan ce wa manomi ya ɗauka rumbu aka cika masa na wata ɗaya: in ya cinye a kwana goma ba za a bar shi da yunwa ba, amma kunu zai sha har ƙarshen wata. Sai ya gyaɗa kai ya ce ya gane. Kwana goma sha biyu sai ga kiransa, wai rumbun nawa yoyo yake. Wani dattijo a wajen Bici sai da ya naɗe wayar eriyarsa gaba ɗaya da leda, don yana zargin ta nan datar take zuba. Ban hana shi ba, ko ba komai ta kare masa ruwan sama. In ka kira kamfani kuwa, wata murya mai daɗi ce za ta ce suna ba ka haƙuri, suna kan aiki. Muryar ba ta cin kasuwar ƙauye. Ni ke ci, ni ake tarewa a gaban mai tumatir.

To aikin da nake son ba ku labari a wani ƙauye ne bayan Minjibir, gidan limamin unguwa, Malam Hamisu. Mutum ne mai sanyin hali, manomi, in ka gaishe shi sau ɗaya ya gaishe ka sau huɗu. Ba shi ya nemi intanet ba, maiɗakinsa ce, Malama Rabi. Mahaddaciya ce, ta daɗe tana koyar da matan aure a cikin gida. Wani ɗan'uwanta ya haɗa ta da wasu Hausawa mazauna ƙasar waje da ke neman mai koya wa 'ya'yansu karatun Alƙur'ani ta waya, ana ganin juna. Yara biyar ta samu, kowa da lokacinsa, duk bayan la'asar, sa'ad da su can suka taso daga makaranta. Ta sayar da tumakinta biyu aka sayi rauta da sola da batir, kuma ita ke sabunta datar wata daga abin da iyayen ke aiko mata.

Na zo da hantsi da kayana a bayan babur. Na kafa sanda a jikin soro, na juya eriya ta kalli ƙarfen Minjibir, sabis ya cika. Saura inda za a ajiye rautar. Na dubi ƙofar cikin gida na ga "ba shiga" rubuce da gawayi. Na dubi soro na ga alkuki mai kyau a bango, ga inuwa, ga shi waya ba za ta yi tsawo ba. Ban tambayi kowa ba. Na buga ƙusa biyu na rataye ta. Na ba Malam wayata ya shiga da ita ciki, ya dawo ya ce layi biyu take nunawa a ƙofar ɗakin Malama. Na ce ya isa. A soro kuwa, da ƙofar gida, har gindin darbejiyar da mutanen unguwa ke zama, sabis ɗin cike yake taf. Na rubuta lambar sirri a takarda na ba shi, na ce ta mutanen gida ce kawai. Ya ce in sha Allahu. Na hau babur ina jin kaina mutum mai ladabi.

Kwana goma sha ɗaya Malam ya kira. Sai da muka gaisa kan iyali da gona da ruwan sama, sannan ya ce, "Wai Malama ta ce karatun yana yankewa, ko za ka leƙo in ka samu sarari."

Na je da hantsi. Datar watan ta ƙare, an shaƙe su. Na buɗe shafin rautar a wayata, inda take nuna wayoyin da ke kanta, na ga biyu ne kawai, tasa da tata.

Na ce, "Allah gafarta Malam, wa da wa ke da lambar nan?"

Ya ce, "Mutanen gida ne."

Ban tsaya na yi tunanin inda gidan liman yake ƙarewa ba. Ban kuma yi tunanin cewa da hantsi, a tsakiyar damina, duk namijin da ke da ƙafa yana gona ba. Sai na ɗora laifin a kan wayar Malama. Na ce a fito min da ita, na kashe duk wani abu da ke sabunta kansa, sannan na aika mata da nasiha ta bakin mijinta, wai ta rage kallon bidiyo. Ni Isyaku, da ko izu biyar ban riƙe ba, na aika wa mahaddaciya wa'azi.

Wata na biyu, kwana tara. Na sake zuwa da hantsi, na sake ganin waya biyu. Wannan karon na ɗaga kai na ga darbejiya. Ku saurara da kyau, wannan darasi ne da ba ya cikin waya: na san ganye ba ya shan data, amma mai sana'a in ya rasa amsa sai ya nemi abin da za a sare. Na yi bayani mai tsawo, wai reshe yana tare sabis, rauta tana wahala, tana ninka ci. Malam ya ce to. Aka kira mai gatari ya yi wa bishiyar aski. Abin da ban sani ba shi ne, da inuwa ta tafi, masu zama a gindinta tabarminsu suka naɗe suka koma cikin soro, daidai ƙarƙashin rautar. Wata na uku kwana shida ta yi.

A wata na huɗu na ce ba zan jira a kira ni ba. Ran biyu ga wata na ɗauko wata rautar da niyyar musanyawa, tun da na gama da waya na gama da bishiya, saura akwatin. Allah ya taimake ni da faci. Tayata ta sace a Minjibir, mai faci ya tafi ɗaurin aure, ban isa ƙauyen ba sai bayan la'asar. Na yi sallama a soro, aka amsa, amma babu kan da ya ɗago. Mutane ne cike, kowa ya sunkuya a kan tafin hannunsa. Ga Alhaji Sule mai taki, mai halin unguwar, wanda ya rufa musu masallaci da kwano, yana kallon dambe yana kai naushi da kafaɗa. Ga telan unguwa yana sauke finafinan da zai kalla a shago. Wani wa'azi yake ji, wani ƙwallo. Wani ma barci yake yi, wayar na kan cikinsa tana ta wasa ita kaɗai. Na buɗe shafin rauta. Waya ashirin da uku. Kashi ɗaya cikin uku na datar watan ya tafi a kwana biyu.

Alhaji Sule ya gan ni ya washe baki. Ya ce, "Isyaku, Allah ya yi maka albarka. Abin nan naka farkon wata kamar famfo. Sai dai ba shi da juriya, ka duba mana shi."

Na ce to, Alhaji. Na ja Malam Hamisu muka shiga shigifa, ɗan ɗakin nan da ke tsakanin soro da cikin gida, na nuna masa shafin.

Ya daɗe yana kallo. Ya ce, "Alhaji Sule ne ya fara tambaya. Mutumin da ya rufa mana masallaci, da wane baki zan ce masa a'a? Shi ya ba ƙaninsa. Sauran ban san yadda aka yi ba, wai hoto suke ɗauka daga wayar juna."

Na ce, "Amma na tambaye ka, ka ce mutanen gida."

Ya ce, "To wane ne a cikinsu ba na gida ba? Rabinsu ni na raɗa musu suna. Kuma takardar ta ce ba iyaka. Na ɗauka kamar hasken fitila ne, in wani ya zauna kusa ba ya rage naka."

Ina shirin kawo masa zancen rumbu sai aka yi gyaran murya a bayan asabarin ƙofar ciki. Wata huɗu ina yi wa Malama Rabi aiki, sai ranar na fara jin muryarta.

Ta ce, "Malam Isyaku, sannu da zuwa. Saƙonka na in rage kallon bidiyo ya iso, na gode."

Da ƙasa za ta tsage da na shige.

Ta ce, "Yara biyar nake da su, saura ɗaya. In yarinya ta ja madda sauti ya tsinke, ban san ita ta gajarta ba ko na'urarka ce ta cinye. In ce ta sake, ta sake, ya kuma tsinkewa, har ta fara kuka. Iyaye ba sa faɗa maka kai tsaye, sai dai su ce yaro ya shiga jarrabawa, za su neme ka. Wadda ta rage Hafsa ce, shekararta tara. Mahaifinta mai gaskiya ne. Ya ce ƙarshen watan nan za ta kai ƙarshen izu, zai zauna ya saurari bitarta. In abin bai gyaru ba zai nema mata wani malami, kada in ji haushi. Ba zan ji ba. Ni ma da 'yata ce haka zan yi."

Daga soro muna jin ihun 'yan kallon dambe a wayar Alhaji.

Ta ce, "Tambaya ɗaya gare ni. Ni na sayar da tumakina na sayi abin nan, amma ba na ganinsa sai in zan fita unguwa. Me ya sa yake soro?"

Na ce, "Malama, gidan ba shiga ne."

Ta ce, "Mai yaɓe ya shigo bara. Mai yasar rijiya ya shigo. Kai ka nemi izini aka hana ka?"

Ban taɓa jin kunya irin ta ranar ba. Malam Nuhu cewa ya yi in da hanya in bi ta waje, bai ce in bar wa mai abu abinsa a waje ba. Gaskiyar magana waya mita ashirin na ƙi ja, da huda katanga biyu. Na naɗa wa ƙiwata rawani na kira ta ladabi.

Na ce abu mai sauƙi ne, a sauya lambar sirri. Malam ya sunkuyar da kai. Malama ta ce, "Kafin isha'i ya bayar." Bai musa ba. Cewa ya yi, "An jima zan ja su salla, in sallame in juyo in ga fuskokinsu."

Ga inda sana'a take, ku masu koyo kafin shayi ya huce. Wayar da kuka koya a ciki za ta ce muku a sauya lamba. Ba ta san Malam Hamisu ba. Na tsuguna a shigifar nan na yi tunani. Rauta tana iya buɗe ƙofa biyu. Na ce zan bar tsohon suna da tsohuwar lamba yadda suke, kowa wayarsa ta ci gaba da kamawa, babu wanda aka kora. Sai dai zan matse wannan ƙofar, abin da zai riƙa fita ta nan bai wuce na saƙon rubutu ba, ko da mutum ɗari suka hau. Sannan in buɗe wata ƙofar a ɓoye, wadda ko sunanta ba ya fitowa a waya, in sa ta a wayar Malama ita kaɗai.

Malam ya ce, "Kada ka gaya min sabuwar. In an tambaye ni na ce ban sani ba, ban yi ƙarya ba." Sannan ya ce, "To in suka ce me ya samu abin?"

Ya dube ni, na dube shi. Na ce, "Ka ce Isyaku ne ya taɓa ta." Wannan ma ba ƙarya ba ce.

Ya shiga gaba ya ce a kimtsa, na bi shi da naɗin waya a kafaɗa, idona a kan bango. Na huda katanga, na ja waya ta bi ƙarƙashin indararo, na rataye rautar a rumfar ƙofar ɗakin Malama. Aikin da ya cinye mata ɗalibai huɗu bai kai ni magariba ba. Da na fito na ce wa mutanen soro zafin jama'a ne ke damun rautar, na mayar da ita inda iska take. Ni ba liman ba ne, ƙaramar ƙarya ba ta hana ni cin tuwo.

Sai da na hau babur na gane abin da na zama. Ban yanke su ba, Allah ya kiyaye. Shaƙe su kawai na yi. Kashegari Alhaji Sule ya kira yana faɗa, na ji bakina yana ce masa ina ba shi haƙuri, ina kan aiki. Har muryar na sassauta.

Daga nan shekarar wahala ta fara. Alhaji Sule taki yake sayarwa, kuma duk buhun da ya fita daga shagonsa da labarina yake tafiya. Wai da abin yana yin kwana shida kamar doki, na zo na taɓa shi, yanzu ko yini ɗaya ba ya yi. Wai na sa an sare musu inuwa a banza, wannan kam gaskiya ce. Wai tsufa ya kama ni, in koma eriyar gora. Makarantar Islamiyya da aka yi min alkawarin aikinta aka ba wani. Mai kantin magani da na auna wa wuri ya daina ɗaga wayata. Gidan mai unguwa aka ce za a neme ni, irin neman da aka yi wa Malama. Kafin damina ta zagayo babu mai kirana a duk ƙauyukan yankin, filayata har tsatsa ta yi a jaka. Na koma gonar gyaɗar mahaifina ina noma kamar baƙo, na kafa teburin cajin waya a ƙofar gida. Mutumin da ya haɗa rabin ƙasar Minjibir da duniya ya koma tsaron caja kada a musanya. Abin ya yi min ciwo, ba zan ɓoye muku ba. Magana ɗaya za ta wanke ni. Amma in na faɗe ta, liman ya zama wanda ya yi wa mamunsa rowa a ɓoye, kuma kafin isha'i soro ya koma kan datar Malama. Na haɗiye ta.

Bari in koma watan da na yi gyaran, don ranar ashirin da tara ce ranar bitar Hafsa. Babu wanda ya kira ni, ni na kai kaina. Na tsaya a bayan gidan kan babur na buɗe shafin rauta. Datar tana nan, ba da yawa ba, amma ran nan ne karo na farko da ta ga ƙarshen wata a gidan. Ko za ta ɗauki karatun izu guda da bidiyo, wannan ban sani ba. In ta ƙare ana tsaka da karatu, a take za a shaƙe ta, a gaban mahaifin.

Ba yadda za a yi in zo ƙofar gidan liman ban shiga soro na gaisa ba. Na shiga. Yau kam duk kawuna sun ɗago. Alhaji Sule ya miƙo min wayarsa har hancina, ɗan da'irar nan tana ta juyi a kan ƙirjin ɗan dambe.

Ya ce, "Ga aikinka nan. Tun azahar ya ɗaga hannu bai sauke ba."

Aka yi dariya. Tela ya ce gara ma a cire ta a sayar a sayi tabarma. Malam Hamisu yana gefe yana jan carbi, bai dubi kowa ba. Na samu bakin tabarma na zauna, wayata a kan cinya, shafin a buɗe.

Can sai murya ta taso daga cikin gida. Malama takan haɗa wayarta da 'yar sifika don ta ji haruffa sosai, ga ta zaune a rumfa, sautin ya bi ta shigifa ya iso mana. Yarinya ce, muryarta siririya, tana karatu a nutse. Ta ja madda, ta ja, ta kai ta inda take ƙarewa ta ajiye. Ta shiga aya ta gaba. Ni ban ji daɗin karatun ba a lokacin, ina kallon lamba tana raguwa kamar mai kallon allurar fetur a dokar daji. Tela ya buɗe baki zai yi magana, Alhaji Sule ya ɗaga masa hannu. Ya kife wayarsa a kan tabarma. Ɗaya bayan ɗaya sauran ma suka kife. Sau ɗaya muka ji Malama ta ce "sake", yarinyar ta sake, ta ce "yauwa". Tsawon lokacin nan ko kaza ba ta yi kuka a gidan ba, ko kuwa ni ne ban ji ba. Da ta kai ƙarshe muka ji muryar mahaifinta daga can nesa yana ta maimaita masha Allah. Na duba wayata. Da saura.

Alhaji Sule ya goge ido da bakin rawaninsa, ya juyo gare ni.

Ya ce, "Ka ji ko? Daga farko har ƙarshe ko sarƙewa bai yi ba. Wannan sabis ɗin ƙasar waje ne, daga can yake tahowa da ƙarfinsa. Su sun iya aiki."

Soro ya ɗauka, kowa na cewa haka ne.

Na ce, "Gaskiya ne, Alhaji."

Da na tashi tafiya Malam Hamisu ya shiga ciki ya fito, ya ce bari ya taka min. Muka isa gindin darbejiyar nan mara inuwa inda na jingine babur. Ya riƙe hannuna bai saki ba. Ya yi ƙasa da murya ya ce, "Ta ce a gaya maka Hafsa tana nan. Mahaifin ya ce ranar Asabar ƙanenta ma zai fara."

Ya waiga ya ga mutanen soro sun leƙo suna kallonmu. Sai ya saki hannuna, ya ɗaga murya yadda kowa zai ji.

"Sai ka dage da koyon aikin nan, Isyaku."

Na ce, "To, Allah gafarta Malam." Na tayar da babur.